Gobe Baba Ne Zai Kawo Ta

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, Ɗan Likita,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina rubuta maka wannan takarda ne don in sanar da kai halin da nake ciki. Kyanwata 'Yar Toka ba lafiya, ni ma hankalina ba a kwance yake ba.

Ka tuna ranar da na fara kawo ta asibitin dabbobin mahaifinka saboda warin baki? Ka naɗa mini bandeji a yatsa, ka ɗaga leɓenta a hankali, ka nuna mini yadda zan riƙa goge mata haƙora da shi, ka ja mini kunne kada in kuskura in sa mata man goge bakinmu na mutane. Na kasa ɗaga kai in dube ka. Muryarka kawai nake ji, tana sauka a zuciyata kamar yayyafi a busasshiyar ƙasa.

Wallahi ban taɓa tsallake rana ba. Amma warin ya dawo, har ya fi na da. Dasashinta ya yi ja, yawu na dalala, da gefe ɗaya take tauna, jiya ma ta sunsuna abinci ta juya baya. Umma ta ce ta gaji da toshe hanci, in ba ta warke a wannan karon ba, bayar da ita za a yi. Yaya kuwa ya sa ni gaba da tsokana, wai bai taɓa ganin mai kai kyanwa asibiti tana fesa turare ba. Baba ya ji. Sai ya ce gobe shi zai kawo ta da kansa.

Don Allah, tauraron asubana, in Baba ya zo, ka gaishe shi kamar kowane baƙo. In ta goga kai a hannunka yadda ta saba, ka daure, kada ka tambayi ina nake. Ka roƙi mahaifinka ya duba haƙorin can ciki na hagu, nan take jin zafi. In cirewa ne, a cire.

Na sani, ranar da bakinta ya warke ba ni da sauran dalilin taka ƙofarku. Ina zan ƙara ganinka? Wa zan kai wa kukana? Duk da haka ku yi mata magani. Gara in rasa hanyar zuwa wurinka da in zuba ido tana kallon kwano da yunwa.

Taka ce ni, ko na zo ko ban zo ba, muddin ina numfashi,
Uwar 'Yar Toka