Kar Ki Sha na Cikin Butar

Kaka, Orane ce.

"Dafa shayin furen labanda ki sha, zuciya za ta kwanta," kika ce jiya. Na ce tawa ba ta jin magani, kika ce, "Ja'ira, duk haka kuke faɗa."

Da safen nan na dafa. Garin rawar jiki na ɗebo na cikin kabad, wanda kike korar ƙwarin tufafi da shi, maimakon na shayi. Warin kafur kawai yake. Yi haƙuri, ki zubar.

Bastien, saurayin da ya hana zuciyata kwanciya, zai koma birnin Marseille yau, bai ma san ina son sa ba. Kina barci na tsaya bakin ƙofarki na ce, "Kaka, na tafi in gaya masa kafin motar ta tashi."