Baƙa Ta Yi Cara

Dogarawa, daren Laraba, 12 ga Yuni, 1991

Yau da magariba Baƙa ta yi cara. Kaza ce fa, ba zakara ba. Ita kaɗai ta rage mini cikin shazumamu masu murɗaɗɗen gashi da na gada wurin kakata, kuma kwananta goma sha tara ke nan kan ƙwai bakwai.

Maƙwabciyata Inna Hajo ta leƙo ta kan danga. "Malam, ka ji abin da na ji? Yanka ta kafin isha'i. In ta kwana, mai gidan take yi wa."

Na yi dariya, na ce kullum ina faɗa wa yarana a lakwal, makarantar da nake koyarwa, su bar camfi. Ita ba ta yi dariya ba. "Haka kakarka ta ce, shekarar da muka rufe ta."

Na je bakin akurki da wuƙa. Baƙa ta kafe ni da ido, ko motsi babu. Na zura hannu ƙarƙashinta, sai na ji ɗan tsako yana ƙwanƙwasa ɓawo daga ciki. Na mayar da wuƙar.

Yanzun nan ta sake yi. Saura kwana biyu su ƙyanƙyashe. Allah ya kai mu, ni da ita.