Gungumen da Ke Bisa Kan Yason

Daga Alkon, mai tsaron jirgin Argo a gaɓar Koranti, zuwa ga ƙanwarsa Kilito a Yolkos.

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara da awaki kuna lafiya. Kin san ni da rubutu sai kallo. Mai rubuta wa matuƙa wasiƙa a bakin tasha ne ke zana wannan, na kuwa ja masa kunne kada ya gyara mini magana.

Cuku da ɓaure sun iso, na ci. Saƙon in dawo gida ma ya iso, shi ban taɓa ba.

Ga abin da ya sa na aiko. Maigida Yason ya tsufa, Kilito. Tun da matarsa Midiya ta kashe 'ya'yan da ta haifa masa ta tafi, mutanen garin nan ba sa amsa gaisuwarsa. Kullum rana ta take yakan jawo ƙafa ya zo ya kwanta a inuwar jirgin, daidai ƙarƙashin babban gungumen nan na jikin jirgin da aka saro daga kurmin Dodona, wanda ya taɓa yi mana magana a tsakiyar teku. To, tsutsa ta cinye shi. Garinsa har zuba yake a gemun Maigida. Jiya na ce, "Maigida, matsa gaba kaɗan mana." Ko ido bai buɗe ba ya ce, "Alkon, ka tuƙa ni har ƙarshen duniya, bai ishe ka ba sai ka ƙara taku uku?"

Ki tambayar mini ɗanki Tiron, tunda sassaƙa ce sana'arsa, ko akwai man da ake shafawa tsutsa ta mutu. Mai kawai nake so.

Alloli su tsare ki. Yayanki.

*

Daga Kilito zuwa ga yayanta Alkon.

Yaya, ina gaisuwa, muna lafiya, ban da gwiwata.

Tiron ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce itacen da garinsa ke zuba ya wuce mai. Ko a sauke shi da zarto, ko a kafa masa ginshiƙi a ɗaure da ƙusa. Kwana biyar zai kawo shi wurinka in ka ce ya zo.

Ni kuma ga tawa. Na ji labarin mutumin nan har ya gundure ni: ya goya tsohuwa ya ƙetarar da ita kogi, ya shiga fada da takalmi ƙafa ɗaya, ya ɗauko buzun zinariya. Wa ya sa macijin da ke gadin buzun barci? Mace, Midiya. Wa ya ba shi maganin bijimai masu hura wuta? Mace. Me ya saka mata da shi? Ya bar ta ya nemi wata 'yar sarki. Kai kuwa Inna ta rasu tana kiran sunanka, kana can kana tuƙa wani zuwa neman fatar rago. Shekara arba'in ke nan ba ka gama tuƙin ba.

Duk da haka ban ce itace ya danne shi ba. Bari yaron ya zo.

Ƙanwarka da ta gaji da aike.

*

Daga Alkon zuwa ga Kilito.

Gaisuwa. Kada Tiron ya taka nan da zarto.

Ba kya nan ran da muka jawo Argo tudu muka ba Fosaidon, ubangijin teku. An yanka baƙin sa, na tsoma hannu cikin jinin na rantse a gaban firistoci: ƙarfe ba zai taɓa shi ba, sabon itace ba zai shige shi ba. Abin da aka bayar an bayar. In zai ruɓe, ga mai shi zai ruɓe. Mu hamsin muka tsaya a wurin ran nan, yau saura ni da Maigida. Kowace safiya nakan bi kujerun tuƙi ɗaya bayan ɗaya in kira sunan mai kowace, don in na bari ba mai kira.

Abin da kika faɗa game da Midiya gaskiya ne, shi ma bai taɓa musu ba. Amma ba ki san shi ba. Ba shi ne mafi ƙarfi a cikinmu ba, kuka ma ba ya masa wuya. Sai dai ran da muka tunkari duwatsun nan masu gwara kai, na kasa jan filafilin tuƙi don tsoro, shi ya zauna kusa da ni ya ce, "Ɗan Mirina, ja, uwarka na jira." Jirgi cike da 'ya'yan sarakuna, ya san sunan uwar mai kiwon awaki.

Na ce wa kaina in gungumen zai faɗi ai zai faɗa, tunda yana da baki. Na kara kunne. Ba abin da na ji sai taunar tsutsa.

Shekaranjiya na yi dabara. Na ɗauko filafilina na dā na tokare shi da shi. Ba sabon itace ba ne, na jirgin ne, ba firist ɗin da zai ce uffan. Na tafi na dawo, sai na tarar da filafilin a kujerata, Maigida na kwance a wurinsa. Na ce, "Haba Maigida!" Ya ce, "Tsoho mai taurin kai. Kowa ya koma mazauninsa."

Ban san abin da zan ƙara ba. Marubucin ma ya ce allon ya cika.

Ki huta lafiya.

*

Daga Kilito zuwa ga Alkon.

Yaya, gaisuwa a gurguje. Tiron ya kama hanya yau da safe, ban nemi izininka ba. Mutumin da ya cire tokarin da hannunsa ya san abin da yake jira. Kai dai kada ka kuskura ka kwanta kusa da shi. Ina roƙonka da nonon da muka sha.

*

Daga Alkon zuwa ga Kilito.

Gaisuwa, ƙanwata.

Gungumen ya faɗo ana gobe Tiron zai iso, da tsakar rana, ko iska babu. Maigida ya aike ni ɗebo ruwa, ya ce na rijiyar nesa yake so, wai ta nan kusa gishiri gare ta. Na dube shi, ya dube ni. Na ɗauki tulu na tafi. Da na dawo na tarar gungumen ya danne shi, rai ya yi halinsa.

Mutanen gari sun taru, ba wanda ya yarda ya sa hannu, wai itacen na ubangijin teku ne, abin da ya danne ma nasa ne. Haka ya kwana, ina zaune ina kore masa ƙudaje.

Da Tiron ya zo ya ciro zarto, na karɓe. Shi yaro ne mai iyali, jifa za su yi masa. Ni na yanka, hannun da ya rantse. Wuni guda na ɗauka a kan abin da tsutsa ta riga ta gama. Mun wanke Maigida, mun shafa masa man zaitun, mun binne shi inda yake ganin ruwa.

Firistoci sun karɓe tsaron jirgin daga hannuna, da gaskiyarsu. Gobe za mu taso. Tiron ya ce in hau jaki, na ce ina da ƙafa.

In na shigo, kada ki ce ai kin faɗa. Ki ba ni ruwa kawai.

Yayanki, Alkon.