Ruwan Batirin Malam Sambo

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Shugaban sashenmu, Farfesa Tijjani, ya ce daga bana 'yan aji ɗaya na kimistiri sai an koya musu bin diddigin abu: ina ya fito, ina zai ƙare, wa zai shafa a hanya. Shekara goma sha tara ina koyarwa ba tare da wannan ba.

Alhamis, 8 ga Mayu
Na ba su aikin: kowa ya ɗauki abu ɗaya a unguwarsu, ya zana tafiyarsa. Rabin ajin ledar ruwa suka zaɓa.

Laraba, 14 ga Mayu
Ɗalibi ɗaya bai kawo ba, Sharhabil. Ya biyo ni ofis da takardar a naɗe. Tsohon batirin mota ya bi: a wani shagon gyaran batir ana tuttule ruwansa a kwata, kwatar ta gangara rafi, a bakin rafin ake noman latas. Duk ajin babu aikin da ya kai nasa.
"Malama, shagon nan na babana ne, a Kawo. In na miƙa, za a rufe masa?"
Na ce maki nake bayarwa, ba sammaci ba. Amma ban iya ce masa babu abin da zai faru ba.

Asabar, 17 ga Mayu
Na je shagon. Baban nasa, Malam Sambo, dattijo, duk gaban rigarsa huji-hujin ruwan batir. Na nuna masa yadda zai tara ruwan a durom ɗin roba ya zuba farar ƙasa ta kashe kaifinsa. Na gaya masa gaskiya, dalmar da ke ciki ba ta mutuwa, kada ya zubar.
Ya saurara har na gama. Sai ya ce, "To Malama, ku can a makaranta ina kuke zuba naku?"
Na ce a wurin wanke kwalabe.
"Daga nan fa?"
Na gyara mayafi.

Litinin, 19 ga Mayu
Sharhabil ya miƙa. Bai goge sunan shagon ba. Wai babansa ne ya hana.

Alhamis, 22 ga Mayu
Bayan gwajin yau, ɗalibai arba'in suka yi layi za su juye kofunan gwajinsu a wurin wanke kwalabe kamar kullum. Sai na ga na tare famfon da jikina. Na sa aka kawo jarkoki biyu aka juye a ciki, na rubuta kwanan wata a jikinsu. Ban san inda zan kai su ba tukuna. Jarka ce dai kawai. Suna nan ƙarƙashin teburina.