Rijiyar Alhaji da Kunyar Mutanen Tudun Marke

Zuwa ga 'ya'yan marigayi Alhaji, masu kula da wasiyyarsa a Daura.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ƙarin ta'aziyya, ni tsoho ne daga Tudun Marke ta ƙasar Sandamu, kuma ban iya ɓoye ciwo ba: kishi nake yi da mutanen Kwarin Kanya, maƙwabtanmu. Kowace safiya daga bakin zaurena nake hango tankin ruwan da kuka kafa musu yana ƙyalli, matanmu kuwa suna wucewa da jarkoki su je su bi layi a bayan mutanen da tun kakanni a rijiyarmu suke roƙon guga.

Na ɗaya. An ce mahaifinku ya bar wasiyya a haƙa burtsatse a garuruwan da suka riƙe shi da amana, ku kuma kuka auna amanar da yawan takwarorinsa. Wakilinku ya zo bayan sallar layya, ya tambaya ko akwai masu sunan. Muka sunkuyar da kai. Ya tafi Kwarin Kanya, can aka jero masa yara, har da jaririn da ko cibiyarsa ba ta warke ba.

Na biyu. Shirunmu ba na rashin takwara ba ne. Tun Alhaji yana kora awaki zuwa kasuwa da ƙafa ya auri 'yar maigarinmu, wato uwargidansa, Allah ya jiƙanta. Daga ranar ya zama surukin gari, sunansa ya fi ƙarfin bakinmu. Yaran da muka sa wa sunan, Baffa muke ce musu, ko Mai Suna, ko Abba. Ɗana na fari yana cikinsu, yau har ya yi furfura, uwarsa ba ta taɓa kiransa da sunan yanka ba. Kun ga ni ma har nan ban rubuta shi ba.

Na uku. Mutanen Kwarin Kanya sai da ya sayi mota suka san shi. Mu muka ba shi fura lokacin da rigarsa ɗaya. Ba na musu baƙin ciki, Allah ya sani. To, kaɗan dai.

Na ji saura rijiya ɗaya a wasiyyar, ga rani ya ƙarato, tamu ta gargajiya kuma sai laka take bayarwa. Roƙona kada ku yanke hukunci sai kun zo da kanku ranar Juma'a. In an sallame, ɗayanku ya tsaya a ƙofar masallaci ya kira sunan mahaifinku da ƙarfi, tunda ku 'yan birni bakinku ya saba. Sai ku ƙirga waɗanda za su waiwayo. Mu tsofaffi za mu toshe kunne.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya kai masa ladan kowane ɗigon ruwa, har wanda Kwarin Kanya ke sha. Ku kuma ya yi muku albarka.

Wassalam.

Malam Ilu, Tudun Marke