Ya Cire Fawar Sitiyari Alhali Ya San Halin da Hannuna Ke Ciki

Anti, don girman Allah ki ba ni shawara. Na kai matsayin da in na jiyo ƙarar motar gidanmu daga bakin layi sai in ji raina ya ɓaci. Na san wasu za su karanta su ce, a kan mota take wannan kukan? Su faɗa. Ni na san abin da ke cina.

Malamar makaranta ce ni, muna da 'ya'ya biyu, mace da namiji. Motarmu ɗaya, tsohuwa amma lafiyayya, kuma ni na fi hawanta, don maigidana motar ofis ke ɗaukarsa. Ni ke kai yara, ni ke cefane, ni ke zuwa duba mahaifiyarsa. Bara aka yi mini aiki a mama na hagu, aka cire abin da za a cire har cikin hammata. Na tashi, alhamdu lillahi, amma hannun bai dawo daidai ba. Rabin bokitin ruwa ma ba na iya ɗagawa da shi, in na matsa masa sai ya kumbura. Likita ya ja mini kunne sosai a kan haka, kuma a gaban maigidan ya faɗa.

Ba zan zalunce shi ba, Anti, ya yi jinyata. Shi ke wanke mini kai, shi ke sa mini riga. Har kitso ya gwada yi wa 'yarmu, wanda har yau ƙawayenta ba su daina tsokanarta a kai ba. To a wannan lokacin ne ya fara taɓa motar, shi da wani abokinsa mai gareji da yara ke kira Kawu Salansa. Da canja salansar motar ma aka fara. Sai aka sa tayoyi masu faɗi, aka sauke motar ƙasa har tana gogar tudun ƙofar gida, aka canja sitiyari zuwa wani ƙarami kamar murfin tukunya. Daga baya aka sauke inji aka sa babba. Ina kwance ina jin ƙarar guduma. Na ce a raina mutum ya gaji da zaman asibiti, bari ya sami abin da zai rage zafi.

Ranar da likita ya ce zan iya komawa tuƙi, ba ki ga murnata ba. Na yi kwalliya kamar mai zuwa biki, yara suka shige baya suna ihu. Na tada mota, na sa ribas, na zo juya sitiyari, sai na ji kamar an kafe shi da ƙusa. Na ɗauka lalacewa ya yi. Na kira maigidan, ya fito yana dariya, ya ce ai ya cire fawa, wato famfon da ke sa sitiyari ya yi taushi. Wai sabon injin ya cinye wurin famfon, wai famfon yana shan ƙarfin inji, kuma wai yanzu ne direba zai riƙa jin titi a tafin hannunsa. Ni ina fafutukar in ji hannuna, shi yana neman jin titi.

Ya ce in an hau hanya tana sauƙi, zan saba, motsa jiki ne ma. Gaskiya ne, in tana gudu tana sauƙi. Amma ni ina ruwana da gudu? Tuƙina na ƙofar makaranta ne, da lungun kasuwa, da wurin fakin na asibiti, inda sai ka juya sitiyari har ƙarshe kana tafiya kamar kunkuru.

Duk da haka na daure, don ba na son a ce ciwo ya mai da ni raguwa. Sai ranar da na koma ganin likita, da 'yata a baya. Wurin fakin ɗin matsattse ne. Na shiga a karkace, na kasa gaba na kasa baya. Motoci suka taru suna ta hon. Wani mutum ya leƙo ta taga ya ce mace in ba ta iya tuƙi ba ta bar mota a gida mana. Ina ja da hannu ɗaya, gumi na zuba, sai 'yata ta tsallako gaba ta kama sitiyarin da hannayenta biyu tana taya ni ja, tana cewa in yi haƙuri. Anti, wannan ne ya karya ni. Ƙarshe maigadi ne ya shiga ya fitar da motar, shi ma yana nishi. Kafin in kai ɗakin likita hannun ya cika hannun riga. Nas ta yi ta mini faɗa, wai me na ɗauka mai nauyi? Da wane baki zan ce mijina ne?

Da na dawo na nuna wa maigidan hannun. Ya kawo ƙanƙara ya ɗora mini, ya ce daga yau shi zai riƙa kai ni, in ba ya nan in hau tasi. Shi ke nan. Bai ce zai mayar ba. Famfon yana nan cikin kwali a sito, da tiyonsa da bel ɗinsa, kusa da gwangwanayen fenti. Duk sanda na shiga ɗauko tsintsiya sai mun haɗa ido. Ranar hutu kuwa ya fita fili da abokansa su yi ta juya mota, ya dawo yana warin ƙonanniyar taya, fuska fal annuri. Na tsani wannan annurin, Allah Ya yafe mini. Na faɗa wa yayata, ta ce in gode wa Allah, maza nawa ne suka gudu suka bar matansu a gadon asibiti.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Zuciyata tana ce mini ya gyara motar nan ne kamar mutumin da ba ya sa ran zan tashi in sake tuƙa ta. Yana wanke mini kai da safe, da yamma yana shirya motar da ba ni a ciki. Tun da wannan tunanin ya shige ni, ko ruwa ya miƙo mini sai in ji ɗaci. Har na yi niyyar in kai motar wani gareji a ɓoye a mayar da komai. Me zan yi, Anti?

Taki,
Mai ciwon hannu

AMSA

'Yar'uwa, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Kukanki ba na banza ba ne, kuma kada ki bari kowa ya ce miki haka.

Abu na farko, ajiye makullin nan. Motar da ba za ki iya juya ta da sauri ba in yaro ya faɗo titi, ba ta tuƙinki ba ce a yanzu, balle da yara a ciki. In kin koma asibiti ki faɗa wa nas gaskiyar abin da ya kumbura hannun. Kunya ba ta cikin magani.

Na tambayi wani bakanike da na yarda da shi. Ya ce motar da aka ƙera da fawa, in aka cire mata, sau da yawa ta fi wadda aka ƙera ba fawa tauri, ga faɗin taya da ƙaramin sitiyari sun ƙara mata. Wato ba ragwantarki ba ce, kuma ba abin sabo ba ne. Ya ce gyara yana yiwuwa: ko a nemo wa famfon mazauni a sabon injin, ko a sa irin na lantarki da ba ya shan ƙarfin inji. Ki riƙe wannan, domin kada a ce miki ba hanya.

Maigidanki ya yi kuskure, ba zan ɓoye ba. Motar iyali ce, ke kika fi amfani da ita, ya yanke hukunci shi kaɗai. Da ya ga kumburin kuma, sai ya zame miki direba maimakon ya mayar miki da abin da ya cire. Jinyar da ya yi abin godiya ce, amma ki faɗa wa yayarki godiya ba ta hana mutum cewa an taka shi.

Sai dai zargin da ke cin ki, ni ban san zuciyarsa ba, ke ma ba ki sani ba, tunda ba ki tambaya ba. Na ga maza da yawa da in tsoro ya kama su sai su ruga wurin abin da hannunsu ke iya gyarawa. Ciwonki ya fi ƙarfinsa, inji bai fi ba. Mai yiwuwa bai yi tunaninki ba ko kaɗan lokacin da yake kwance famfon, wanda laifi ne, amma ba shi ne fitar da rai da ke ba. Shirunsa a kan mayar da famfon ma ya fi mini kama da kunya.

Kada ki kai motar a ɓoye. Za ki sami sitiyari mai taushi, ɗacin kuma yana nan. Ki same shi ku biyu, ba yara, ba abokinsa mai gareji, ki faɗa masa maganar nan da kika faɗa mini, yadda take, ba ado. Ki bar shi ya amsa, ko da zai daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ki nemi abu ɗaya ƙarara: a mayar da fawa, kuma ya sa rana. In yana son motar wasa, ya nemi wata a hankali, ba wanda ya hana shi.

In ya ji duk wannan ya ƙi, to ki sa babban da yake jin nauyinsa, kuma ki sake rubuto mini, domin a lokacin maganar ta wuce ta mota. Amma ina kyautata zaton ba za a kai can ba. Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya sanyaya miki zuciya, Ya raya yarinyar nan da ta kama miki.