Kwaɗon Tafasarmu Ya Shiga Jarida

Zuwa ga Yaya Sidi, a Kumasi.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jikinka, ya iyali, ya baƙunta? Mu nan Ƙofar Taramniya muna nan da rai, alhamdu lillahi.

Watan jiya wani malamin jarida ya iske mu a zaure muna cin kwaɗon tafasa, ba gishiri ba ƙuli, don gero ya fi ƙarfinmu tun farkon damina. Munka yi mishi tayi, ya ce ya ƙoshi. Shekaranjiya anka karanta jaridar a bakin kasuwa, wai Sakkwatawa masu tattali ne, sun koma abincin kakanni cikin jin daɗi, kowa ya yi koyi da su.

Da na faɗa wa Inna sai ta ce, "Ya rubuta nonon matarka ya ƙafe?"

Bai rubuta ba, Yaya. Jaririnmu kullum ramewa yake yi, kuma tunda an ce daɗi muke ji, ban ga mai waiwayarmu ba.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaishe da Kawu Bello.

Ƙanenka,
Umaru